Alkawarin Annabi Ibrahim: Yadda Malaman Kirista Suka Rabu Kan Yahudawa Da Ƙasar Isra'ila

Daga Wakilinmu

Ran 14 ga watan Mayu na 2018, lokacin da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Birnin Ƙudus, wasu manyan fastoci biyu na Amurka, John Hagee da Robert Jeffress, su ne suka yi addu'a a wurin bikin, suna masu godiya ga Allah. Amma watanni biyar kafin wannan rana shugabannin majami'un Ƙudus ɗin kanta sun rubuta wa Shugaba Trump takarda suna roƙonsa kada ya taɓa matsayin birnin. Duka ɓangarorin biyu Kiristoci ne, kuma Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa. To, me ya raba su?

Tushen saɓanin tambaya ce guda ɗaya. A cikin Littafin Farawa an ambaci alkawarin da Allah ya yi wa Annabi Ibrahim cewa zai albarkaci zuriyarsa, ya kuma ba su ƙasa. Shin bayan zuwan Almasihu wannan alkawari yana nan ga Yahudawa, ko ya koma ga masu bin Almasihu? In kuwa yana nan, shin ya haɗa da ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948? Amsar da kowace ɗarika ta bayar ita ce ke nuna inda za ta tsaya a siyasar Gabas ta Tsakiya.

Ra'ayin da ya fi daɗewa shi ne wanda ke cewa Ikilisiya, wato jama'ar Kirista, ita ce ta gaji matsayin Bani Isra'ila. Malaman farko irin su Jastin, a ƙarni na 2, sun ɗauki rushe Haikalin Ƙudus da Rumawa suka yi a shekara ta 70 a matsayin alamar cewa an rufe babin Yahudawa. Agustin, babban malamin nan na Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa kada a kashe Yahudawa, amma za su zauna a warwatse don su zama shaida ga gaskiyar littattafan annabawa. Da tafiya ta yi nisa sai wannan fahimta ta haifar da wulaƙanci a Turai. A 1215 wani babban taron limamai a Roma ya umurci Yahudawa su riƙa sa tufafin da za a gane su da shi, a 1492 aka kore su daga Sifen, a 1543 kuma Martin Luta ya rubuta littafi mai zafi a kansu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Paparoma Piyus na 10 ya ƙi goyon bayan Theodor Herzl, jagoran masu neman kafa ƙasar Yahudawa, sa'ad da ya je gare shi a watan Janairu na 1904.

Kisan gillar da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya girgiza wannan tsohon ra'ayi, domin an yi ɓarnar ne a tsakiyar ƙasashen da suka shafe ƙarnuka suna bin addinin Kirista. Malamai suka koma ga wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 9 zuwa ta 11, inda ya nuna cewa Allah bai yi watsi da jama'arsa ba, ya kuma kwatanta sauran al'ummai da rassan da aka ɗaura a jikin itacen zaitun. Ran 28 ga Oktoba na 1965 babban taron Katolika a Batikan ya amince da wata sanarwa mai suna Nostra Aetate da ƙuri'a 2,221, masu adawa 88. Sanarwar ta ce ba za a ɗora wa dukan Yahudawa, na da ko na yanzu, alhakin mutuwar Almasihu ba, ta kuma la'anci ƙiyayyar Yahudawa. A cikin takardar nan ce har ila yau aka yi magana da girmamawa game da Musulmi. A 1986 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ziyarci babbar majami'ar Yahudawa ta Roma, a 1994 kuma babbar cocin Lutarawa ta Amurka ta nesanta kanta da kalaman Luta.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Katolika sun raba tsakanin Yahudawa a matsayin al'ummar addini da Isra'ila a matsayin gwamnati. Wata takardar Batikan ta 1985 ta bayyana cewa ƙasar Isra'ila da manufofinta za a auna su ne da ma'aunin dokokin ƙasa da ƙasa, ba da ma'aunin addini ba. Bisa wannan ne Batikan ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila ran 30 ga Disamba na 1993, sa'an nan ta ƙulla wata da ƙasar Falasɗinu a 2015.

Ra'ayi na uku ya taso ne daga Furotesta na Ingila da Amurka. John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882, ya koyar da cewa Allah yana da shiri biyu daban, ɗaya na Ikilisiya, ɗaya na Bani Isra'ila, kuma tilas Yahudawa su koma ƙasarsu kafin dawowar Almasihu. A 1891 William Blackstone ya kai wa Shugaban Amurka Benjamin Harrison takardar koke mai sa hannun manyan mutane fiye da 400, tana neman a mayar da Yahudawa Falasɗinu. Wannan koyarwa ta yaɗu ainun ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin Cyrus Scofield da aka buga a 1909. Ga mabiyanta, kafa Isra'ila a 1948 da kama gabashin Ƙudus a yaƙin 1967 cikar annabci ne, duk wanda ya albarkaci Isra'ila kuma shi ma za a albarkace shi. Hagee ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila a 2006, wadda 'yan siyasar Amurka ba sa raina ƙuri'unta. Abin lura shi ne, Yahudawa da yawa suna karɓar wannan goyon baya da taka-tsantsan, domin a ƙarshen labarin, kamar yadda yawancin masu wannan aƙida suke ba da shi, ana sa ran Yahudawan da suka tsira za su karɓi Almasihu.

Waɗanda wannan koyarwa ta fi yi wa ciwo su ne Kiristocin Falasɗinu, mutanen Baitalami da Nazarat da Gaza, waɗanda majami'unsu na cikin mafi tsufa a duniya. Limamin Angilika Naim Ateek, wanda aka kori iyalinsa daga garin Baisan a 1948 yana yaro, ya yi rubuce-rubuce yana tambaya ta yaya littafin da yake karantawa a coci zai zama takardar ƙwace gidan mahaifinsa. A 2006 shugabannin majami'u huɗu na Ƙudus, ciki har da Michel Sabbah na Katolika, suka fitar da sanarwar yin watsi da aƙidar, a watan Disamba na 2009 kuma wasu malamai suka ƙaddamar da takardar Kairos a Baitalami, inda suka kira mamayar ƙasarsu zunubi. Hujjarsu ita ce alkawarin Allah ba ya rabuwa da adalci, kuma a Sabon Alkawari albarkar Ibrahim ta game dukan al'ummai.

Wannan muhawara ba ta yi nisa da mu ba. Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1973, ta mayar da ita a 1992, a 2007 kuma aka kafa hukumar tarayya mai kula da Kiristoci masu ziyarar ibada. Mai ziyara yakan ga Ƙudus da Galili, yakan kuma shiga Baitalami, wadda ke Yammacin Kogin Urdun, inda masu yi masa hidima 'yan'uwansa ne Kiristoci Larabawa.

Don haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya ji an ce “Kiristoci suna goyon bayan Isra'ila” ko “Coci ta soki Isra'ila”, ya kamata ya fara tambaya, waɗanne Kiristoci, kuma a kan me? Girmama Yahudawa da addininsu abu ne da mafi yawan majami'u suka amince da shi tun bayan 1945. Ɗaukar gwamnatin Isra'ila a matsayin cikar annabci kuwa aƙidar wani ɓangare ce, wadda Batikan da tsofaffin majami'un Ƙudus ba su yarda da ita ba.