GR20: hanyar duwatsun Korsika da ke cinye mako biyu a ƙafa

Wanda ya duba taswirar Faransa zai ga wani tsibiri can kudu maso gabas cikin Bahar Rum, ya fi kusa da Italiya a kan ita Faransar. Shi ne Korsika, wanda Faransawa ke kira Corse. Abin da yawancin mutane suka sani a kansa shi ne a nan aka haifi Napoleon, a garin Ajaccio cikin 1769, shekara ɗaya bayan Genoa ta miƙa tsibirin ga Faransa. Masu tafiyar duwatsu a Turai kuwa, da zarar an ce Korsika, abin da ke faɗo musu a rai wata hanyar ƙafa ce mai suna GR20, wadda ake lissafawa cikin mafi wuya a nahiyar baki ɗaya.

Haruffan GR na nufin grande randonnée, wato doguwar tafiyar ƙasa. An shata hanyar a farkon shekarun 1970, kuma hukumar gandun dajin Korsika, wadda aka kafa a 1972, ita ke kula da ita. Ta tashi daga ƙauyen Calenzana a arewa maso yamma, ta bi ta doron tsibirin har zuwa Conca a kudu maso gabas, kimanin kilomita 180. An kasa ta zango 16, kowane zango tafiyar yini guda. Alamar hanya ita ce fenti fari da ja da aka shafa a jikin duwatsu, kuma a wurare da yawa wannan fentin shi ne kaɗai hanyar, domin ba wata turba da ido zai gani.

Mai karatu a Yamai ko Garwa ko Anjamena zai iya cewa kilomita 180 cikin kwana 16 ai ba abin a zo a gani ba ne, makiyayi yana yin fiye da haka da garkensa. Tsayin duwatsun ma bai isa ya firgita mutum ba. Mafi tsawo a tsibirin, Monte Cinto, mita 2,706 ne. Ya fi Idoukal-n-Taghès na Bagzan a Nijar mai mita 2,022, amma bai kai Emi Koussi na Cadi mai mita 3,415 ba, balle Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000. To ina wahalar take?

Tana cikin hawa da sauka. Korsika kamar tsauni ne guda da ya ɓullo daga cikin teku, kwaruruka masu zurfi suka tsattsaga shi. Hanyar ba ta tsayawa a sama ta miƙe, kullum sai ta gangara kwari ta sake haurawa. Idan aka tara duk hawan da mutum zai yi daga farko zuwa ƙarshe ya wuce mita 10,000, wato ya fi tsayin Everest daga matakin teku, kuma duk abin da aka hau sai an sauke shi da gwiwa. Ranar farko kaɗai, daga Calenzana, ana haura fiye da mita 1,200 da jaka a baya. Shi ya sa a GR20 da awa ake auna zango, ba a cika kula da kilomita ba. Akwai zangon da bai kai kilomita 10 ba, amma ya ci awa shida.

Sannan ga ƙasar da ake takawa. A rabin arewa kusan duk dutse ne: fala-falan duwatsu masu santsi, tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashin takalmi, da wuraren da sai an sa hannu an kama ko an riƙe sarƙar ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen. A kwarin Spasimata gada ce mai lilo a kan ƙorama. Ba a buƙatar igiya ko kayan ƙwararrun mahaya, amma wanda jiri ke ɗiba idan ya leƙa ƙasa zai sha wuya, kuma fala-falan da ake takawa cikin sauƙi da rana suna zama tarko da zarar ruwa ya jiƙa su.

Ruwan sama shi ne babban abin tsoro. Monte Cinto bai fi kimanin kilomita 25 daga bakin teku ba. Da rani iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga teku, zafin rana ya tura ta sama ta bi gangaren duwatsu, ta yi sanyi, ta zama hadari. Safiya za ta waye garau, kafin la'asar a ji tsawa a kan tudu. Dutse ba ya shan ruwa, saboda haka cikin ɗan lokaci busasshen kwazazzabo ya cika, ya taho da laka da duwatsu. Mutanen Agadas da suka san yadda ƙorama ke zuwa bagatatan daga Abzin ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Abin da ya faru ke nan ranar 10 ga Yuni 2015 a Cirque de la Solitude, wani rami mai zurfi tsakanin bangayen dutse wanda shi ne wuri mafi suna a hanyar. Ana sauka cikinsa da sarƙoƙi, a haura ta ɗaya gefen. Hadari mai ƙarfi ya riski matafiya a ciki, ƙasa ta zaftare, mutum bakwai suka mutu. Bayan haka aka cire wurin daga GR20. Yanzu hanyar tana zagayawa ta Pointe des Éboulis, mita 2,607, wanda ya zama wuri mafi tsayi a kanta, daga nan kuma mai sauran ƙarfi zai iya ratsewa ya taka ƙolin Monte Cinto ya dawo. Sabuwar hanyar ta fi tsawo, ta fi gajiyarwa, kuma ita ma a buɗe take ga tsawa. Saboda haka ƙa'idar da kowa ke bi ita ce a tashi da asuba, a ƙetare tudu kafin azahar, a tambayi mai gadin masauki labarin yanayi, idan ya ce a zauna a zauna. Akwai jandarmomin ceto na tsaunuka da jirgi mai saukar ungulu, lambar gaggawa 112 ce, amma a kwaruruka da dama waya ba ta kamawa.

A ƙarshen kusan kowane zango akwai masauki na hukumar gandun dajin, da gadaje a ɗaki ɗaya da filin kafa tanti a kewaye. An hana kafa tanti a daji nesa da masaukai, an hana kunna wuta, domin gobarar daji na cikin manyan masifun tsibirin. Masu gadi suna nan ne daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kuma ta intanet ake kama wuri tun kafin a zo. A farkon Yuni akan tarar da sauran ƙanƙara a manyan mashigai. A Yuli da Agusta kuwa zafi ne da cunkoso. Abinci yana da tsada, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda a kan alfadari ko a jirgi ake kai shi. Musulmin da zai bi hanyar ya kamata ya san cewa busasshen naman alade na cikin abincin da Korsika ke alfahari da shi, yakan shiga har cikin miya, don haka tambaya kafin a zuba ta zama dole. Cukun tumaki da na awaki shi ne mafita, kuma mai kyau ne.

Cukun nan yana tuna wa baƙo cewa duwatsun suna da masu su tun kafin a shafa fenti. Makiyayan Korsika sun daɗe suna yin sanyi a filayen bakin teku, idan rani ya yi su hau da dabbobi zuwa bukkokin dutse a sama, irin tafiyar da kowane Bafillace zai gane. Wani ɓangare na GR20 tsoffin burtalolinsu ya bi. A tafkin Nino, mita 1,743, dawaki da shanu suna kiwo sake a kan wata lallausar ciyawa mai ƙananan idanun ruwa, wuri mai saurin lalacewa idan ƙafa ta yi yawa. Makiyayan sun ragu ƙwarai, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rage yanzu da matafiya suke samun rufin asiri, suna sayar musu da cuku da abinci. Dubban mutanen da ke zuwa duk shekara suna kawo kuɗi ƙauyukan da matasa suka ƙaurace wa, suna kuma kawo shara da matsin ruwa, suna damun ragon dutse da wata ungulu mai cin ƙashi wadda 'yan kaɗan suka saura a tsibirin.

Akwai masu gudu a kanta ma. François D'Haene ya gama hanyar cikin awa 31 da minti 6 a 2016, sannan Lambert Santelli, ɗan tsibirin, ya yi ta cikin awa 30 da minti 25 a 2021. Waɗannan alƙaluman suna da daɗin ji, amma suna ruɗin wanda bai san wurin ba, domin masu su sun yi shekaru suna horo, kuma akwai mutane a hanya da ke jiran su da abinci.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Faransa, tsibirin ba shi da wuyar zuwa, jiragen ruwa na tashi daga Marseille da Toulon da Nice. Kuma ba lalle ne a yi hanyar duka ba. A tsakiyarta akwai Vizzavona, cikin dajin dogayen itatuwa, inda jirgin ƙasan da ke haɗa Ajaccio da Bastia yake tsayawa. Daga nan zuwa kudu ƙasar ta fi sauƙi, da filayen kiwo na Coscione da tsinin duwatsun Bavella, ko da yake Monte Incudine na nan yana jira da fiye da mita 2,100. Mutane da yawa da rabin kudun suke farawa su gwada gwiwarsu, wasu kuma da suka taso daga arewa da niyyar gamawa a tashar Vizzavona suke ajiye jaka su jira jirgi.