Daga "Gumbo" Zuwa "Suya": Sunayen Abincin Amurka Ma Baƙi Ne



Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a wajen yaranmu. Idan aboki ya ga kilishi a hannun mutum ya tambayi sunansa, sai ka ji an yi wuf an ce ai "jerky" ne. Suya kuma a ce "barbecue". Wai don kada a ce mun zo da baƙon suna mai wuyar faɗa. To ni dai abin da zan tambaya shi ne, su waɗannan sunayen da muke fakewa da su, 'yan asalin ina ne?

Mu fara da "jerky" ɗin. Asalinsa "ch'arki" ne, wato busasshen nama a harshen Kecuwa na mutanen tsaunukan Peru. Sifaniyawa suka ara, daga bakinsu ya shiga Turanci. "Barbecue" kuwa daga "barbacoa" yake, kalmar mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, sunan ragar itacen da suke ɗora nama a kai. Ka ga ke nan wanda ya ajiye kilishi ya ɗauki "jerky" bai tsere wa baƙon suna ba, nasa kawai ya yar ya ɗauki na wani.

Haka abin yake duk inda ka duba. "Hamburger" sunan birnin Hambog na Jamus yake ɗauke da shi. "Cookie" da "coleslaw" na mutanen Holan ne, waɗanda suka riƙe Niyok tana amsa sunan Sabuwar Amsadam, kafin Ingila ta ƙwace ta a 1664. Hatta "boss" da kowa ke kiran maigidansa a wurin aiki, daga "baas" nasu yake.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne rabon Afirka. Bayin da aka kwaso an raba su da sunayensu da danginsu, amma ba a iya raba su da sunan abin da suke dafawa ba. "Gumbo", miyar da jihar Luwiziyana ke taƙama da ita, daga sunan kuɓewa ne a harsunan yankin Angola. Wallahi duk wanda ya san miyar kuɓewa, yana ganin gumbo zai gane 'yar uwa. "Goober" da mutanen Kudu ke kiran gyaɗa, daga "nguba" ne na Kongo da Angola. A birnin Calston har gobe ana sayar da biskit ɗin riɗi da sunan "benne", kalmar da ta zo daga yankin Senigal da Gambiya. "Yam" ma ta Afirka ta Yamma ce, dangin kalmar cin abinci a Fulatanci da Wolof. Abin dariyar shi ne, abin da kantunan Amurka ke kira "yam" ba doya ba ce, dankali ne mai zaƙi. Shi ya sa iyayenmu mata ke wucewa su nufi shagon 'yan Afirka idan sakwara suke so.

Kai, ko Coca-Cola da John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886, rabin sunansa goro ne. Goron nan dai da fatakenmu suka yi ta ɗaukowa daga Gwanja zuwa Kano.

Wani malami Baƙar fata, Lorenzo Dow Turner, ya yi shekaru yana naɗar maganar mutanen Gullah na gaɓar Karolaina ta Kudu da Jojiya. A littafin da ya fitar a 1949 ya tara kalmomi kusan 4,000 masu tushe a Afirka, yawancinsu sunayen mutane, kuma Hausa na cikin harsunan da ya lissafa. Shi ma laƙabin Niyok, "Big Apple", marubucin labarin sukuwar dawaki John Fitz Gerald ne ya yaɗa shi a shekarun 1920, kuma ya ce a bakin Baƙaƙe masu kula da dawaki a Niyu Olins ya ji shi.

Sai dai fa a yi hattara, kada son kai ya sa mu ce komai namu ne. Za ku ga ana yaɗa cewa "bogus" daga "boko" yake. Daɗin ji gare shi, amma masu ƙamus ba su karɓa ba, don an ga kalmar a Ohayo a 1827 a matsayin sunan injin buga jabun kuɗi, ba tare da wata shaidar da ta haɗa ta da Hausa ba. Haka "OK", wasu sun ce Wolof ce. Alhali Allen Walker Read ya gano ta a wata jaridar Boston ta ranar 23 ga Maris, 1839, inda aka taƙaita "all correct" da gurɓataccen rubutu don raha. Gaskiyar da muke da ita ta ishe mu, ba sai mun ƙara gishiri ba.

Abin lura shi ne, babu kalma ɗaya a nan da ta shiga Turanci don an roƙa mata izini. Masu ita ne suka yi ta faɗa har maƙwabta suka saba. A farkon 2025 aka sanar da cewa "suya" ta shiga babban ƙamus na Oxford, kuma masu tukuba ne suka kai ta can, don ba su taɓa sauya mata suna ba.

Saboda haka 'yan uwa, ranar da aka yi taron abinci a makaranta ko wurin aiki, ku rubuta ƙosai, ku rubuta masa, ku rubuta fura. Bakin da ya iya "croissant" da "quesadilla" ba zai gaza da tuwo ba. Idan mu ba mu faɗa ba, ƙannenmu ma ba za su ji ba, balle 'ya'yanmu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A gaishe min da su Mama.