Wa Ya Cancanci Yin Tayi a Gwanjon Kayan Ƙaramar Hukuma? Nazari daga Katsina

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba mutanen da doka ta yarda su yi tayi yayin da ƙaramar hukuma ta fitar da kayanta gwanjo, watau irin su tsofaffin motoci, taraktoci da kujerun ofis. Tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawar da En'e, dukiyar da a da ke ƙarƙashin Baitulmalin Katsina ta koma hannun majalisu, kuma a yau Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34.

Asalin ƙa'ida shi ne ƙofa a buɗe take ga kowa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, a sashe na 55 da na 56, ta sanya gasar tayi a bainar jama'a ita ce hanya ta farko ta sayar da kayan gwamnati, bayan wani masani mai zaman kansa ya ƙiyasta darajarsu. Wannan doka ta Tarayya ce, ba ta hau kan ƙaramar hukuma kai tsaye ba, amma dai ta nuna manufa. A ganinmu, wahalar tana wajen tantance wanda ya kamata a hana.

Na farko shi ne ma'aikacin hukumar kanta. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati jefa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa, kuma ya lissafa shugaba, kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma cikin waɗanda hanin ya shafa. Dalilin a fili yake. Alal misali, jami'in da ya zauna a kwamitin da ya ce mota ta mutu, shi ne ya san cewa batir kawai take buƙata. In aka bar shi ya taya, shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai saye.

Sa'an nan akwai mai tayin ƙarya, wanda ke ɗaga farashi ba da niyyar saye ba. Malaman Katsina sun san wannan mas'ala tun kafin zuwan Turawa a 1903, domin littattafan Malikiyya, kamar Muwaɗɗa da Mukhtasar na Khalil, sun haramta shi da sunan najashu, alhali sun halatta cinikin ƙari, watau muzayada. Dokar Cinikin Kaya ta Ingila ta 1893, sashe na 58, ita ma ta hana mai kaya yin tayi da kansa ko sa wani ya yi masa, sai in ya sanar tun farko. Abin lura ne yadda hanyoyin shari'a biyu suka haɗu a nan.

To, amma inda gizo ke saƙa shi ne wakilci. Jami'i ba ya ɗaga hannu da kansa; ƙanensa ko dillalinsa ne ke tsaye cikin taro, kuma sunan da zai shiga rasit ba nasa ba ne. Haka kuma 'yan kasuwa kan haɗa baki su ƙi taya wa juna, su karya farashi, daga baya su raba riba. Don haka muke ganin ya kamata kowane mai tayi ya rubuta sunansa da na wanda yake wakilta kafin ranar gwanjo, ya ajiye kuɗin kafin alƙalami, a kuma manna sunayen masu saye da farashin kowane kaya a allon sanarwa na sakatariya.