Babi na Bakwai: Amosanin Ido da Hanyoyin Maganinsa

Amosanin ido cuta ce da ƙwayar Chlamydia trachomatis ke haddasawa. Tana yaɗuwa ta hannu da tsumman share fuska da ƙudaje masu bin kwantsar yara. In ta yi ta dawowa shekara da shekaru, fatar ido kan lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar idon har mutum ya makance.

Hanyoyi biyu aka fi sani na maganinta. Ta farko man ido ne na tetracycline, ana matsa shi safe da yamma har mako shida, wato sau 84. Maganin yana da araha kuma yana aiki, sai dai yana da zafi-zafi, yana sa gani ya yi dishi-dishi. Ka ɗauki uwa a Hunkuyi ko Makarfi lokacin saran rake, ga girki, ga ɗiban ruwa, ga yaro yana tirjiya yana runtse ido. Da jan idon ya washe bayan 'yan kwanaki, sai a ajiye man a kan taga, alhali ƙwayar cutar tana nan.

Ta biyu ita ce azithromycin, wanda ake sha sau ɗaya: miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, babba kuma giram ɗaya. A 1993 wani bincike a Gambiya ya nuna shan nan ɗaya yana aiki daidai da makonnin shafa mai. Wannan ya sa ake rabon sa ga gari sukutum, ana auna tsayin yaro da sanda mai zane-zane don a san rabonsa. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida kuwa, man ake ba su.

An kuma gwada ko sau nawa ya kamata a raba. A Matamaye ta Jamhuriyar Nijar an kwatanta ba kowa sau ɗaya a shekara da ba yara kaɗai sau biyu, sakamakon ya zo kusan ɗaya.

Ashe maganin da ya fi shi ne wanda za a iya kammalawa. Amma ba duk jan ido ne amosani ba. Mai karatu, ko a Ikara kake ko Kudan, kada ka sayi ɗigon ido da ka a kemis. Kai yaro asibiti a duba, a bi ƙa'idar har ƙarshe, a kuma riƙa wanke masa fuska da ruwa mai tsabta kullum.