Lambun gida: Abin da ya kamata a sani kafin a shuka ko a tsinka

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin cefane ya zama abin da ke hana magidanta da yawa barci. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wannan ya sa mutane da dama a birane suka koma shuka kayan miya a buhuna da tsofaffin bokitai a tsakar gida.

Sai dai yawancin masu fara lambun gida kan tafi kai tsaye ga tumatir da tattasai, waɗanda su ne suka fi wahalar raino. Ga kuma abinci na fitowa da kansa a gindin katanga duk damina, amma ana tuge shi a zubar saboda ba a san shi ba.

Ciyawar da ba ciyawa ba

Da ruwan farko ya sauka, tafasa da lalo da gasaya da zaƙi-banza kan tsiro a filaye da bayan gidaje ba tare da kowa ya shuka su ba. Yaɗiya kuwa ko da rani tana nan kore shar, tana naɗe da shinge.

A karkara waɗannan ganyaye ne ke riƙe gida a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A dafa tafasa ko yaɗiya, a tsane, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Lalo da karkashi kuma su shiga tukunya a yi miyar yauƙi.

A Jamhuriyar Nijar, lokacin ƙarancin abinci na 2005, iyalai da yawa sun rayu ne da ganyayen daji da 'ya'yan anza. Ita anza ɗaci gare ta sosai, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu. Wanda bai gaji wannan sani ba, ko yana tsaye a gaban bishiyar, da yunwarsa zai kwana.

Wannan sani ne ke ɓacewa. Yaron da ya tashi a birni ya san zogale a leda, amma da wuya ya nuna maka tafasa a fili. A gonaki kuma, maganin feshi na kashe ciyawa ba ya bambanta lalo da ƙaya, duk tare yake ƙone su.

Tafasa da rai-ɗore

Hatsarin rashin sani ba asarar abinci kaɗai ba ne. Akwai tsirran da suka yi kama da juna, ɗaya abinci, ɗaya kuma illa.

Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, dukkansu furensu rawaya ne, kuma sukan fito wuri guda. Amma ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, yawanci guda shida a kan kowane sili, biyu-biyu suna fuskantar juna. Kwansonta siriri ne, dogo, a ɗan lanƙwashe kamar lauje. Ganyen rai-ɗore kuwa bakinsa tsini ne, ya fi na tafasa yawa a sili, kuma kwansonsa a shafe yake.

Ana amfani da rai-ɗore a maganin gargajiya, amma ɗanyen ƙwayarsa guba ne ga dabbobi da ƙananan yara. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, likitoci sun danganta wata cuta da ta riƙa kashe yara ta hanyar lalata hanta da ƙwaƙwalwa da cin ƙwayar wannan tsiro.

Waɗanda ba a bari kusa da yara

Zaƙami ana gane shi da furensa mai kama da kakaki, fari ko ruwan hoda mai duhu, da ɗansa mai ƙayoyi. Ganye da fure da ƙwaya duk guba ne. Wanda ya ci yakan fita hayyacinsa, bakinsa ya bushe, ganinsa ya dushe, wani lokaci har a rasa rai.

Bini-da-zugu da ake kafa shinge da shi yana da ƙwaya mai ɗanɗanon gyaɗa, shi ya sa yara ke cinta. Abin da ke biyo baya shi ne amai da gudawa mai tsanani. Ƙwayar zurma ta fi wannan muni, domin kaɗan daga cikinta idan aka tauna kan iya hallaka yaro. Tumfafiya kuma farin ruwan da ke fita daga jikinta yana yi wa ido mummunar illa.

Idan yaro ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci domin ma'aikatan lafiya su gane shi. Ɗura masa manja ko tilasta masa amai ɓata lokaci ne, kuma yana iya shaƙe shi.

Daga ina za a fara?

Ga mai ƙaramin fili, buhun shinkafa ko na taki ya isa. A haɗa ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan yashi, a huda gindin buhun domin ruwa ya riƙa fita. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai an bar shi ya ruɓe tukuna. A ajiye buhun inda rana ke samunsa aƙalla rabin yini.

Alayyafo ne ya fi saurin biyan mai shi, domin cikin mako uku zuwa huɗu ana fara yanka. Rama da yakuwa da kuɓewa ma ba su da rigima. Irin lalo yana da taurin ɓawo, don haka a ɗaure shi a tsumma, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a shanya kafin a shuka.

Zogale na kamawa ta iri ko ta reshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin sa ya miƙe sama har hannu ya daina kaiwa. Idan aka datse kansa tun yana daidai ƙugu, sai ya yi rassa da yawa, ganye ya ƙaru.

Ko kuka ma ana iya shuka ta kamar alayyafo. A ƙasar Mali, manoma kan shuka irinta kusa da kusa a fangali, suna tsinkar ɗanyen ganye ba tare da jiran ta zama bishiya ba.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya ya wadatar wajen ban ruwa, amma ban da mai omo ko bilic. Idan ƙwari suka taso, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Inda aka tsinko ma abin dubawa ne

Ganye mai kyau na iya zama cuta saboda wurin da ya fito. Abin da ya tsiro a bola, ko bakin kwata, ko gefen babban titi, ko gonar da aka yi wa feshi, bai kamata ya shiga tukunya ba. A Kano, masu bincike sun daɗe suna jan hankali kan kayan lambun da ake shayarwa da ruwan Jakara da na Challawa, inda dattin gari da na masana'antu ke kwarara. Wannan ma wani dalili ne na shuka naka a gida, inda ka san ruwan da ya sha.

Akwai manhajojin waya da ke faɗin sunan tsiro daga hoto, amma sukan yi kuskure, musamman kan tsirran yankinmu. Kada a ci wani ganye don kawai waya ta ce ana ci. Tsofaffin mata masu tallan kwaɗo, da makiyaya, da manoman fadama sun fi kowace manhaja sanin waɗannan tsirrai. A kai musu reshe ɗauke da ganye da fure da kwanso, a tambayi sunansa da yadda ake sarrafa shi, kuma a tafi da yara su ji da kunnensu.