Kurmin IITA: Wurin tattakin iyali a kusa da Ojoo

Tafiya kaɗan daga tashar motar Ojoo a Ibadan, a kan titin Oyo, akwai wani kurmi da yawancin masu wucewa ba su san da zamansa ba. Yana cikin harabar cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda aka kafa a 1967 a filin da ya kai hekta 1,000.

Kimanin hekta 350 na filin aka keɓe, aka hana noma da farauta da saran itace. Da haka tsofaffin gonaki suka sake komawa daji, inda rimi da loko ke ba da inuwa a gefen tafkin da aka samar ta hanyar datse rafi.

An share hanyoyin ƙafa a cikin kurmin, kuma babu hawa mai wahala, don haka yara da dattawa na iya zagayawa su dawo inda suka faro. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 200 a yankin.

Ba a shiga kai tsaye. Sai an nemi izinin cibiyar tukuna. Ya fi kyau a je da sassafe, da ruwan sha da rufaffen takalmi saboda kwarkwasa da santsin damina.

Yayin da gine-gine ke cinye dazuzzukan Ibadan, irin wannan ziyara na nuna wa yara abin da ya saura, da dalilin kiyaye shi.