Raunin da Ido Ba Ya Gani: Buguwar Kai da Yawan Mantuwa

A ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, da kan hanyar Kano zuwa Jos wadda ta ratsa dajin Falgore, babur shi ne dokin talaka. Sau da yawa mahayi kan faɗi ya bugu a ka, ya tashi ya kakkaɓe riga, a yi masa barka tunda jini bai fita ba. Bayan makonni sai iyalinsa su lura mantuwa ta yi masa yawa. Shin me ya faru a cikin ƙoƙon kansa?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke isar wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai. Kafin abin da mutum ya koya ya zauna daram, sai ƙwayoyin sun ƙera sababbin furotin da za su ƙarfafa mahaɗan nan. To, idan ƙwaƙwalwa ta girgiza, ƙwayoyin kan rage ƙera furotin don kare kansu, kamar yadda magidanci ke tsuke bakin aljihu a shekarar fari. Illar ita ce, wannan tsimi yakan zarce har bayan hatsarin ya wuce.

A shekarar 2013, ɗakin binciken Peter Walter na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka ya gano wani sinadari mai suna ISRIB, wanda ke sake buɗe hanyar ƙera furotin. A 2017, tare da Susanna Rosi, suka ba ɓerayen da suka bugu a ka sinadarin, makonni bayan raunin, sai ga su suna koyon hanya suna tuna ta kamar lafiyayyu. Bugu da ƙari, binciken 2022 ya nuna cewa mahaɗan da suka rikice sun daidaita. Ke nan ɓarnar tana iya gyaruwa.

Sai dai mai karatu ya sani, a jikin ɓeraye aka sami wannan nasara, kuma ISRIB bai shiga kantin magani ba. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne hular kwano, da hutawa bayan buguwa, da guje wa buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke. Wanda ya yi ta amai, ko ya ruɗe, ko ciwon kansa ya tsananta, a garzaya da shi asibiti.